Ziyarar Bolgar ta waya daga Aboabo: abin da muka biya da abin da muka samu

Tun da labari ya bazu cewa ɗaliban makarantarmu ta manya a Aboabo sun leƙa ƙasar Tatar, wato Tatarstan da ke cikin Rasha, ta waya, ba fasfo ba biza, malaman wasu makarantu na Asawase da Sawaba suke tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko abin ya kai kuɗinsa. Ya kai, amma da sharaɗi. Sharaɗin shi ne kada ku sakar wa jagorar akala ta kai ku inda ta saba kai baƙi. Idan kuka bar ta, za ku ga duwatsu da hasumiya da wani ƙaton Alƙur'ani, ku tashi kuna zaton Bolgar kufai ne da ba kowa a cikinsa, alhali gari ne mai rai, hedkwatar gunduma, mai majalisa da asibiti da kasuwa.

Ga yadda hidimar take. Wata baiwar Allah Batatariya, wadda ta yi karatun Larabci kuma tana jin Turanci, ita ke ɗaukar waya a kan sanda ta zaga da ku cikin tsohon birnin kai tsaye, kuna ganinta tana jinku. Ɗan ƙanena da ke karatun likita a Kazan, babban birnin Tatarstan, shi ya haɗa mu. Awa biyu ta yanka mana, kuɗin ya tasar wa sidi dubu ɗaya, muka yi karo-karo a aji. Biyan ma sai da dabara, domin tun 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba ya aiki a Rasha. Mun tura wa mahaifin yaron ta momo, shi kuma yaron ya ba ta rubul daga aljihunsa. Wanda ba shi da ɗa ko ƙane a can, ya fara neman wannan hanyar kafin ya tara wa mutane rai.

Sun riga mu da awa uku, don haka muka sa ƙarfe goma na safiyar Asabar, a can ƙarfe ɗaya na rana, ta riga ta yi azahar. Mun aro majigi, muka rataya farin zani a bango, muka jona lasifikar da muke wa'azin Maulidi da ita. Ita tana magana da Larabci, ni ina juyawa da Hausa. Larabcinta na littafi ne, tsaf, a hankali, ba ta haɗiye harufa. Duk wanda ya sauke Ishmawi da Iziyya ya taɓa nahawu zai kama rabin zancen kafin tafinta ya buɗe baki.

Ta fara daga gaɓar kogin Volga, kan tudun da birnin yake, ta juya wayar muka ga ruwa har iyakar ido. Daga nan ta shiga labarin shekarar 922 Miladiyya, kuma a nan ta fi ƙwarewa. Almish, sarkin Bulgar, wato mutanen da tsohon birnin yake nasu, shi ya aika wa halifa Muƙtadir na Bagadaza cewa yana son malamai da za su koyar da addini, da masallaci, da kuɗin gina ganuwa saboda daular Khazar da yake biya wa haraji. Ayarin ya bar Bagadaza a 921, ya iso a watan Mayu na 922, a cikinsa akwai Ahmad bn Fadlan wanda ya rubuta abin da ya gani. Sarkin ya ɗauki sunan Ja'afar bn Abdullahi. Wannan duk ana iya samunsa a rubuce. Abin da ya tayar da ajinmu tsaye shi ne zancen iƙama. Ladanin sarki yana maimaita kalmomin iƙama sau biyu-biyu, Ibn Fadlan ya ce a fadar halifa sau ɗaya ake yi, sarki ya yarda aka gyara. Da ta bayyana cewa dinare dubu huɗu da halifa ya yi alkawari na ganuwa ba su iso tare da ayarin ba, sai sarki ya fusata ya ce wa ladani ya koma biyu-biyu. Wani Alhaji mai goro da ke zaune a sahun gaba ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ashe tun zamanin Abbasiyawa kuɗin aikin gwamnati ke ɓata a hanya." Har yau Tatar 'yan mazhabar Hanafi ne, iƙamarsu biyu-biyu, kuma ta sa ladanin wani ƙaramin masallaci ya karanta mana muka ji bambancinta da tamu ta Malikiyya.

Sai kuma maganar isha. Watan Yuni muka yi ziyarar, ta ce a wannan lokacin jan shafaƙi ba ya gama ɓacewa a garinsu kafin alfijir ya keto. Ibn Fadlan ya yi mamakin gajartar darensu, Ibn Battuta ma ya ambaci Bulgar saboda wannan. Malamansu sun daɗe suna saɓani kan ko isha ta wajaba a irin waɗannan darare, har Shihabuddin Marjani na Kazan, wanda ya rasu a 1889, ya yi rubutu yana tabbatar da cewa ta wajaba ko shafaƙi bai ɓace ba. Mu da rana ke faɗuwa wajen shida kusan duk shekara, wannan mas'ala a littafi kawai muke tsallake ta. Jin ta daga bakin wadda take rayuwa cikinta ya sa na tsayar da ita muka ɓata minti goma sha a kai, kuma ban yi da-na-sanin lokacin ba.

Gine-ginen ta bi su da sauri, kuma hakan ya yi daidai. Mongol sun ci Bulgar a 1236, daga baya garin ya farfaɗo ƙarƙashin daular da suka kafa, ya zama cibiyar ciniki da buga kuɗi, kuma yawancin abin da ya rage a tsaye daga ƙarni na 13 da na 14 ne. Mun ga harsashin babban masallacin Juma'a, da doguwar hasumiya wadda ta asalin ta faɗi a 1841 aka sake gina ta a 2000, da ƙaramar hasumiya wadda ita ce ta asali, da ginin da suke kira Baƙin Ɗaki. A gefen masallacin akwai coci da aka gina a 1732 zuwa 1734, an yi amfani da duwatsun kufan har da duwatsun kaburbura. Ba ta ɓoye wannan ba, ba ta kuma zuzuta shi ba. Ta shiga wani hubbare inda aka jera duwatsun kaburbura masu rubutun Larabci, ta matso da wayar kusa, ɗaya daga cikin ɗalibaina ya karanto basmala da "kullu nafsin" da kansa. Ta ce sarki Bitrus na Rasha ya zo wurin a 1722 ya ba da umarnin a kiyaye abin da ya rage, an mai da shi gidan tarihi na hukuma a 1969, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2014.

Inda na fara ƙosawa shi ne wurin ƙaton Alƙur'anin. An buga shi a Italiya, tsawonsa mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 800, an ajiye shi cikin wani gini mai ƙubba ta zinari. Abin kallo ne, ba musu. Amma ta zauna a kai kusan minti ashirin tana lissafa azurfa da duwatsun bangonsa, ga hoton yana yankewa saboda kaurin ginin, ga mu muna kallon agogo. Mus'hafin da ba a ɗauka a karanta, minti biyar ya ishe shi. Haka Farin Masallaci da aka buɗe a 2012, da makarantar koyon ilmin addini mai zurfi da aka buɗe kusa da shi a 2017: kyakkyawan gini ne ƙwarai, fari fat da tafki a gabansa, sai dai irin wannan kowa zai gan shi a hoto kyauta.

Akwai kuma rijiyar da suke dangantawa da wani Abdurrahman, da labarin cewa sahabbai uku sun zo sun warkar da 'yar sarki. Ta fara ba da shi kamar tarihi tabbatacce. Da na tambaye ta isnadi, sai ta yi murmushi ta ce labarin baka ne na mutanen ƙasa. Da tun farko ta faɗi haka. Malamin da zai kai ɗalibansa, ya kasa kunne a wannan wurin.

Saura kamar rabin awa lokacinmu ya cika, sai wata Hajiya, dattijuwar ajin, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, tambayar mini yarinyar nan. Duk inda ta nuna ban ga tukunya a wuta ba, ban ga shanya ba. Mutanen garin ina suke kwana?" Na juya tambayar. Jagorar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ba a cika tambayarta wannan ba, amma idan mun yarda za ta shiga mota ta kai mu cikin gari, tafiyar 'yan mintoci ce. Daga nan ne kuɗinmu ya fara fitowa.

Bolgar ta yau ƙaramin gari ne, a ƙidayar 2010 mutanensa ba su kai dubu tara ba. Tituna miƙaƙƙu masu faɗi, gidajen katako masu lambun dankali da tuffa a baya, 'yan benaye gajeru. Kuma, ga abin da ba wanda ya zata a cikinmu, mutanen garin ba jikokin tsohon birnin ba ne da suka zauna a gefen kufan kakanninsu. Garin daga wani wuri aka ɗauko shi. Asalinsa Spassk, wanda aka ba matsayin birnin gunduma a 1781, zamanin sarauniya Katarina ta biyu, a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Bezdna. A 1926 aka mai da sunan Spassk-Tatarsky. A 1935 aka sake masa suna Kuybyshev, don tunawa da wani jigon gwamnatin Sobiyet da ya mutu a shekarar, sunan da aka ba babban birnin Samara shi ma, har wasiƙu su riƙa ɓata tsakanin garuruwan biyu in ba a rubuta jamhuriya ba. Sai aka gina madatsar ruwa a ƙasan Volga don wutar lantarki, tafkin ya cika tsakanin 1955 da 1957, aka kwashe garin kacokan aka dasa shi kusa da ƙauyen da ke gefen tsohon kufan. Sai a 1991 ya karɓi sunan Bolgar. Ruwan da ta nuna mana tun farko muna ta sha'awa, wannan tafkin ne, mafi faɗi a Turai cikin waɗanda mutum ya tara da hannunsa.

Ta ce kakarta ta wajen uwa a tsohon garin aka haife ta. Gidajen katako an warware su gungume-gungume, aka sa wa kowane lamba, aka ɗora a mota, aka sake harhaɗa su a sabon wuri. Ta tsaya gaban wani gida mai shuɗin taga ta ce wannan yana cikinsu. Gine-ginen bulo kuwa ba su ɗaukuwa. Wani ɓangare na tsohon garin bai nutse ba, ya zama tsibiri, har yanzu akwai ragowar bango a cikin ciyawa, tsofaffi kan shiga kwalekwale su je.

Ina cikin juya wannan na ga Hajiya ta ja mayafinta ta rufe baki. A Kete Karachi aka haife ta, tsohon garin, garin Alhaji Umaru, kafin tafkin Volta ya shanye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Tana cikin mutum kusan dubu tamanin da aka tayar. Ta ce, "Malam, ce mata mu ba mu samu ɗaukar gidajen ba, na ƙasa ne. Ce mata ina gaishe da kakarta in tana da rai, in ta rasu Allah Ya jiƙanta." Jagorar ta ce ta rasu, ta amsa addu'ar, ta kira Hajiya da kalmar da suke kiran kaka da ita a harshensu. Sun yi 'yan mintoci suna tambayar juna ta bakina: an biya diyya? An kwashe kaburbura? Sabon wurin akwai ruwan sha da aka isa? Ba wannan muka saya ba, ba kuma ya cikin tsarinta, amma ta tsaya ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta duba agogo ba, ta ƙara mana kusan rabin awa ba ta nemi ƙari ba. Saboda wannan kaɗai zan sake ɗaukarta.

Ta wuce da mu gaban ofishin gunduma, allon ƙofa da harsuna biyu, Tataranci da Rashanci, domin duka biyun harsunan hukuma ne a Tatarstan. Muna da wani tsohon ɗan asambili a ajin, shi ya karɓi tambayoyin daga nan. Bayaninta a kan mulki ya fi na tarihin sanyi, an ga ba fanninta ba ne, amma abin da ta faɗa ya zauna. Tatarstan jamhuriya ce cikin tarayyar Rasha, tana da gundumomi 43 da manyan birane biyu masu cin gashin kansu, Kazan da Naberezhnye Chelny. Bolgar ita ce hedkwatar gundumar Spassky: garin ya sauya suna, gundumar ta koma tsohon sunan. A zamanin sarakuna yanki ne na lardin Kazan, da aka kafa jamhuriyar Tatar ta Sobiyet a 1920 ya zama kanton, a 1930 aka mai da shi gunduma irin ta yanzu. Garin yana da majalisarsa da kwamitin zartarwarsa, gundumar ma tana da nata, ƙauyuka kuma an haɗa su rukuni-rukuni kowane da ƙaramar majalisa. Shugaban gunduma 'yan majalisa ke zaɓensa daga cikinsu, wanda ke riƙe da aikin yau da kullum kuma shugaban kwamitin zartarwa ne, ɗaukarsa ake yi da kwantiragi. Ɗan asambilin namu ya ce, "Wato ba shugaban ƙasa ke turo musu shi ba kamar namu na Asokore Mampong?" Ta yi dariya ta ce a takarda dai haka ne, amma ba wanda ke zama shugaban gunduma Kazan ba ta so. Ba ta ƙara ba, mu ma ba mu matsa ba.

Wani abu da ta faɗa a nan ya warware mini dalilin da ya sa kufan ke walƙiya garin kuma yana nan a matsayin ƙaramin gari. Tsohon birnin ba a hannun majalisar gari yake ba, gidan tarihi ne na jamhuriya. Kuɗin gyaransa sun zo ta gidauniyar da aka kafa a 2010 ƙarƙashin Mintimer Shaimiev, shugaban Tatarstan na farko, bayan ya sauka daga mulki, don farfaɗo da Bolgar da tsibirin Sviyazhsk. Wanda ya gaje shi, Rustam Minnikhanov, tun 2023 ba a kiransa shugaban ƙasa, Ra'is ake ce masa, saboda dokar tarayya ta keɓe wancan laƙabin ga mai Mosko. Kuma a gundumar nan da Tatar ke ɗauka a matsayin mafarin Musuluncinsu, suke taruwa kowace shekara don tunawa da 922, Rashawa sun fi Tatar yawa. Alhaji mai goro ya tambaya ko ana rikici, ta ce maƙwabciyarta Kirista ce ke kawo mata ƙwai mai launi a bikinsu, ita kuma ta kai mata naman layya. Na so ta taɓo boren Bezdna na 1861, lokacin da sojoji suka harbe manoman wani ƙauye na wannan yankin da suka taru wajen Anton Petrov suna cewa an ɓoye musu ainihin takardar 'yancinsu, amma ta ambace shi a jimla ɗaya ta wuce. Wanda zai yi ziyarar bayanmu ya nemi ta faɗaɗa.

Ɓangaren na'ura kuwa, laifin rabi namu rabi nasu. A wajensu hoton yana da kyau a fili, yana daskarewa cikin gine-gine masu kauri, iskar bakin kogi kuma tana cika lasifika da ƙugi saboda ba ta da abin rufe makirfo. A wajenmu an ɗauke wuta ana tsakiyar Baƙin Ɗaki, sai da aka tayar da janareta, intanet ɗin wayata ma ya yi ta tangal-tangal har muka koma kan na wani ɗalibi. Ku tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ku tayar da janareta tun kafin a fara, ku rufe tagogi da baƙin zani domin hasken safiyar Kumasi yana cinye majigi.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu ban ba da shawara ba. Awa biyu da tafinta a tsakani, za su watse. Ga ajin manya, ko ɗaliban da suka fara tarihi da fiƙihu, ya dace sosai. Ku rubuta mata tun kafin ranar cewa kuna son a raba lokacin biyu, rabi tsohon birni rabi cikin gari, a rage Alƙur'anin da Farin Masallaci, gidan tarihin burodi da ke wurin kuwa a bar shi gaba ɗaya sai in kuna da manoma a aji. Ku nemi izinin naɗar ziyarar tun da wuri: ta yarda mu naɗa don aji, ta hana sawa a Facebook, kuma hakkinta ne. Ku nemi watan Yuni ko Yuli, domin da sanyi ya shigo rana na faɗuwa da wuri a can, kogin ya daskare.

Yanzu muna ciniki da ita kan tsibirin tsohon Spassk. Ta ce sai an yi hayar kwalekwale mai inji, kuɗin zai ninka, kuma ba ta da tabbacin waya za ta kama a can, don haka ta ba da shawarar ta naɗo mana bidiyo sannan mu zauna da ita kai tsaye mu yi tambayoyi. Ɗan asambili ya ce a rage kashi ɗaya cikin huɗu tunda ba kai tsaye ba ne, ita ta ce man kwalekwale bai san wannan ba. Hajiya ta riga ta ba da nata karo-karon, tana jiran sauran.